Ɗanyen Fenti a Garejin Fegge

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safiyar Talata aka kawo rahoto caji ofis. Katafila ta faɗo daga kan tirela a wani gareji da ke Fegge, cikin garin Anacha, ta danne mutum har lahira.

Masu kawo rahoton sun haɗo da mai laifinsu. Direban katafilar ne, wani Ibo mai suna Okwudili, rigarsa a yage, leɓensa a fashe. Suka ce ganganci ya yi, ya kauce hanya.

Difi'o, shugaban ofishin, ya aika aka kira Sufeto Bubayero Shafi'u. Mutumin Gombe ne, dogo, marar yawan magana, shekararsa shida a Anacha. Cikin masu bincike na ofishin shi kaɗai ke jin Hausa.

"Samarin Hausawa sun fara taruwa a bakin titi," in ji Difi'o. "In ba ka kawo mini wani abu daban ba, ranar Alhamis zan tura direban nan kotu da tuhumar kisa ta hanyar ganganci. Kwana biyu gare ka."

Sufeto ya ɗauki littafinsa, ya fita ya tare okada.

*

Garejin na Alhaji Ɗanjuma ne. Tireloli uku gare shi, irin gajerun nan da ake kira lobed, masu shimfiɗar katako, waɗanda ke jigilar manyan injuna tsakanin Anacha, Inugu da Fatakwal. Ɗaya ce kawai a ciki ranar. Katafilar na kwance a gefenta na hagu, ƙafarta ɗaya na kallon sama. An zuba yashi inda jini ya kwanta.

Alhaji ya taro shi da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Ya aiki? Ya iyali?"

"Lafiya lau, Alhaji. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Wane ne mamacin?"

"Muhsin. Shi ke tsayawa a ƙasa yana ba direba hannu in za a hau da inji, in an hau ya ɗaure da sarƙa. Shekara talatin, mace ɗaya, 'ya ɗaya. Mutumin kirki. Kwana ne ya ƙare."

Kafin Sufeto ya kai bakin tirelar, mutum biyar sun gaya masa kwana ne ya ƙare. Babu musulmin da zai musa wannan. Abin takaicin shi ne mun mayar da kalmar murfi. Da zarar an furta ta, sai a rufe tambaya, a rufe baki, a shimfiɗa tabarma. Ba wanda zai ce me ya sa inji mai nauyin tan ashirin ya bar kan tirela ya sauka a kan ɗan mutane.

A gindin katanga wani dattijo na zaune a kan tsohuwar taya, hannayensa tsakanin gwiwoyi, ana ta durƙusawa ana yi masa gaisuwa.

"Malam Muntaka ke nan," in ji Alhaji, ya sassauta murya. "Ƙanin mahaifin mamacin ne. Duk Baffa muke ce masa, yadda Muhsin ke kiransa. Shi ke yi mana aikin katako da fenti."

Sufeto ya durƙusa ya yi ta'aziyya. Dattijon ya amsa bai ɗago ba.

Daga nan ya ɗare kan tirelar. Katakon baƙi ne wuluk, sai sheƙi, kai ka ce jiya aka fito da ita daga kamfani. Babu tsaga, babu karaya. Taɓon ƙafar katafila ya bar shati biyu tun daga baya. Sufeto ya bi na hagu a hankali. A daidai tsakiya shatin ya yanke. Katako biyu a jere babu ko ɗigon taɓo a kansu.

Ya durƙusa don ya duba. Da ya zo miƙewa sai ya ji gwiwar wandonsa ta manne. Ya dubi kakin, baƙin fenti ya yi masa tambari. Ya shafa katakon gaba, a bushe. Ya shafa na baya, a bushe.

"Alhaji, yaushe aka shafa wa tirelar nan fenti?"

"Makon jiya, Yallaɓai. Mu ba ma wasa da kayan aiki."

Sufeto ya ɗauki hoto, ya sauko. Ya duba takardar likita, ya ba da izinin binnewa. Da azahar ya bi sahu aka sallaci Muhsin, da fentin a gwiwarsa.

*

Da la'asar ya sa aka fito da Okwudili daga bayan kanta. Mutum ne kakkaura, ya haura arba'in. Hausar gareji yake yi, yana cike giɓinta da Turancin buroka.

"Oga, shekara goma sha biyu ina tuƙa katafila. Ban taɓa taka ko kaza ba."

"Ka sha wani abu da safe?"

"Shayi. A kofi ɗaya muka sha ni da Muhsin. Ka tambayi kowa."

"Sun ce ka kauce hanya."

"Yaya zan kauce? Hannunsa nake kallo. Shekara huɗu muna aiki tare. In ya yi haka, in matsa. In ya dunƙule, in tsaya. Ni ba na kallon ƙasa, Oga, shi ne idona."

"To me ya faru?"



"Na kai tsakiya. Sai na ji ƙas, kamar an karya busasshen rake. Hagu ta nitse. Na yi ihu, na ce Muhsin gudu. Shi kuwa maimakon ya gudu sai ya matso, ya ɗaga hannu yana ce mini tsaya, tsaya."

Sufeto ya rubuta a littafinsa.

"Ka ga katakon da ya karye?"

"Ban ga komai ba. Kafin in fito daga cikin inji sun rufe ni da duka."

"Na hau tirelar da kaina. Babu karyayyen katako."

Okwudili ya dube shi, ido jawur.

"To ni mahaukaci ne ke nan. Amma na ji shi, Oga. Har yanzu ina jin sa."

Da aka mayar da shi, Sufeto ya leƙa ta taga. Samari kusan talatin ne a tsallaken titi, 'yan dako, 'yan okada, masu tura ruwa. Babu wanda ya ga abin da ya faru a cikinsu. Kowannensu kuma a shirye yake ya rantse.

*

Washegari da safe ya nufi gidan mamacin. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya mai ɗakuna goma sha huɗu, can cikin lungun Fegge. Mata sun cika tsakar gida. Matar Muhsin, Zakiyya, na zaune a bakin ƙofa cikin dogon hijabi, 'yarta Ikram ta yi barci a cinyarta.

Sufeto ya tsaya daga nesa, ya yi gaisuwa, ya nemi afuwa.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, Malama. Mijinki ya taɓa yin ƙorafi a kan aikinsa?"

"Ba mai ƙorafi ba ne, ranka ya daɗe."

"Ko sau ɗaya?"

Ta gyara wa yarinyar kwanciya.

"Tun mako uku ya daina cin abinci sosai. Ya ce katakon tirela yana shan ƙafa. Ya ce in ya taka gefen hagu kamar ya taka burodi. Ran nan ya nuna mini makullin ɗakin nan, ya ce ya soka shi a jikin katako ya shige har gindi."

"Ya faɗa wa wani?"

"Ya ce ya faɗa."

"Wa ya faɗa wa?"

Zakiyya ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa da ke jan carbi a gefenta ta tsoma baki.

"Haba ɗan nan. Yarinya tana cikin takaba, za ka sa ta tone-tone? Abin da ya faru ya faru. Mu mun yafe, mun bar wa Allah."

"Iya, ku kun yafe," in ji Sufeto cikin ladabi. "Amma akwai mutum a kulle, gobe za a kai shi kotu. Shi ma yana da 'ya'ya."

"To ai ba namu ba ne."

Haka ta faɗa, kai tsaye, carbi a hannu. Kuma babu mace ɗaya a tsakar gidan da ta ɗaga kai.

Sufeto ya juya zai tafi. Sai ya ji muryar Zakiyya a bayansa, ƙasa-ƙasa.

"Ranka ya daɗe. Okwudili ne ya kai ni asibiti a motar ƙaninsa ranar da zan haifi wannan. Ba zan iya faɗin sunan kowa ba. Amma ka duba katakon."

*

Ya koma garejin wajen ƙarfe goma. An shimfiɗa tabarmin zaman makoki a bakin ƙofa. Ya roƙi Alhaji da Baffa Muntaka su shigo ciki.

"Baffa, kai ka shafa fentin nan?"

"Ni ne."

"Yaushe?"

"Makon jiya."

"Me ya sa katako biyu ba su bushe ba?"

"Damina ce, Yallaɓai. A garin nan fenti yakan yi kwana goma yana danƙo. Waɗannan biyun sun fi shan fenti."

"Ya fi shekara talatin yana wannan sana'a a Kano," in ji Alhaji. "Ni na je da kaina na ɗauko shi. In Baffa ya ce katako lafiya, to lafiya ne."

Sufeto ya cire hularsa ya ajiye a kan taya. Ya kwanta rigingine a cikin taɓo, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin tirelar.

Daga ƙasa abin ya fito fili. Kowane katako an shafe ƙasansa da baƙin fenti mai kauri, kamar yadda aka shafe samansa. Ban da biyu. Su farare ne tas, ko burushi bai taɓa su ba, kuma notunan da suka riƙe su sababbi ne, babu tsatsa.

Ya zaro 'yar wuƙarsa ya soka a jikin ɗaya daga cikin baƙaƙen. Fentin ya fashe kamar ɓawon ƙwai. Wuƙar ta shige ba tare da ya danna ba. Da ya zare, wani ruwa ja mai wari ya biyo ta, ya ɗiga masa a wuya.

Ya gwada na biyu. Haka. Na uku. Haka.

Ya fito, ya miƙa wa Alhaji wuƙar.

"An canza katako biyu."

Alhaji ya yi gyaran murya. "E to, na manta ban faɗa maka ba. An canza su. Makon jiya, kafin fenti."

"Ina tsofaffin?"

"An zubar."

"Ƙarfe nawa hatsarin ya faru?"

"Wajen bakwai."

"Mu kuma sai sha ɗaya saura muka ji. Wa ya zauna a garejin nan cikin waɗannan sa'o'in?"

"Ba kowa. Duk mun tafi asibiti. Ni na kulle ƙofa da hannuna."

Sufeto ya dubi Baffa Muntaka. Dattijon na kallon ƙasa.

Ya san ƙarya suke yi, su ma sun san ya sani. Amma kotu ba ta karɓar abin da mutum ya sani. Idan aka tsaya a kan cewa makon jiya aka canza katakon, to babu abin da ya karye jiya, kuma maganar Okwudili ta zama tatsuniya.

*

Bayan azahar yunwa ta kai shi rumfar wata mai abinci da ke jingine da katangar garejin ta baya. Kande sunanta, 'yar Zariya, ta kai shekara ashirin tana sayar wa direbobi shinkafa da wake a wurin.

Bai gama zama ba hayaƙi ya turnuƙe shi. Baƙi, mai ɗaci, mai warin roba.

"Hajiya Kande, taya kike ƙonawa?"

"Ka bar ni da abin da ya ishe ni, Yallaɓai." Ta fifita murhun da murfin tukunya tana tari. "Kyautar itace aka yi mini. Tun jiya nake fama. Ga shi ƙato kamar abin arziki, amma ka sa shi a wuta sai ya yi ta kuka yana fitar da ruwa. Kwastomomi uku sun tashi, wai shinkafata na warin gareji. Ni Kande!"

Sufeto ya ajiye cokali.

"Mu ga itacen."

Ta nuna masa da ƙafa. Guntaye ne guda shida a bayan buhun gawayi, na bakwai a cikin murhu. Ya jawo shi, ya zuba masa ruwa.

Katakon tirela ne. Baƙin fenti sama da ƙasa. An yanka su da zarto, amma biyu daga ciki bakinsu ba yankan zarto ba ne, karaya ce, kuma sabuwa. Cikinsu ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen gari. A wurare uku an rarake ruɓar, an cusa dusar katako da gam, an shafe da fenti. A saman ɗaya, ga shatin ƙafar katafila, taɓon ko gama bushewa bai yi ba.

"Wa ya ba ki?"

"Baffa mana. Jiya, wajen tara, ya miƙo mini ta kan katanga. Har na yi hawaye. Na ce Allah sarki, ɗansa kwance a asibiti ba rai, amma bai manta da ni ba." Ta dubi fuskar Sufeto, murfin tukunyar ya tsaya a hannunta. "Lafiya? Na yi laifi ne?"

"Ba ki yi ba. Ara mini buhu."

*

Bai yi maganar a gaban masu zaman makoki ba. Ya sake kiran mutanen biyu cikin garejin, ya tura ƙofa. Wani kofur da ya kira ta waya ya tsaya daga waje.

Ya zazzage buhun a gabansu.

Alhaji ya buɗe baki zai yi magana. Baffa Muntaka ya ɗaga masa hannu.

"Bari, Alhaji. Ya isa."

Ya tsuguna, ya ɗauki guntu ɗaya, ya murza cikinsa da babban yatsa. Ya zube kamar ƙasa.

"Shekara talatin da ɗaya na yi ina wannan aiki a Kano," ya ce. "A can, in an kawo katako, ka jingine shi kwana uku rana ta zuƙe shi. Sai ka ba shi baƙin mai ya sha, ka bi da fenti sama da ƙasa da baki biyu. Kada ka bar wa gara ko hujin allura. Haka maigidana ya koya mini. Katakona yakan shekara goma ana hawa."

"A nan fa?"

"Bara waccan na zo, cikin watan Agusta. Aka kawo katako ɗanye, ruwa na zuba dare da rana. Na jingine shi kwana uku yadda na saba. Na taɓa, na ji bayansa ya bushe. Na rufe shi ruf. Wani kafinta ɗan garin nan ya leƙo, ya ce su ba sa shafa ƙasa, suna bari ya sha iska. Na yi masa dariya. Na ce ƙyuya ce ta hana su." Ya girgiza kai. "Ruwan yana ciki, Yallaɓai. Ni na kulle shi da hannuna."

"Yaushe ka gane ya ruɓe?"

"Wata huɗu ke nan."

"Sai ka yi me?"

"Na rarake inda ya fi muni, na cike, na bi da fenti. Duk sanda ya nuna alama, in ƙara wani fentin."

"Me ya hana ka gaya wa Alhaji?"

"Mutumin nan ya ɗauko ni daga Kano yana gaya wa duk Fegge ya kawo gwani. Da wane baki zan ce masa gwanin ya ruɓar da kaya? Na ce in rani ya shigo zan ce lokacin canji ya yi. Ba wanda zai sani."

"Muhsin ya sani."

Dattijon ya ajiye katakon a hankali.

"Juma'a uku da suka wuce, bayan an sauko daga masallaci. Ya ja ni gefe don kada wani ya ji. Ya ce, Baffa, katakon hagu yana nitsewa, ko za a duba. Na ce, ni na goya ka a kafaɗa na kai ka makarantar allo, yau kai za ka koya mini katako? Na ce in ka ƙara tayar da maganar nan ban yafe ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce, Allah ya huci zuciyarka, Baffa. Ya durƙusa." Baffa ya goge ido da bayan hannu. "Haƙuri ya ba ni, Yallaɓai. Shi ya ba ni haƙuri."

Daga waje ana jin wani ya ɗaga murya yana cewa a yi wa mamaci salati.

Haka muke renon 'ya'yanmu. Mu koya musu cewa gyara wa babba kuskure rashin kunya ne, sannan mu tura su su tsaya a gindin kuskuren, su ɗaga hannu.

"Jiya fa?" in ji Sufeto.

"Da aka tafi da shi asibiti na zauna. Ina da sababbin katako biyu a ajiye. Na kwance, na ɗaura, na shafa. Hannuna ne ke yi, ni ban san inda nake ba. Ban samu shafa ƙasan ba."

Sufeto ya juya ga Alhaji.

"Ka ce kai ka kulle ƙofa."

"Na kulle. Na ba shi makulli." Alhaji ya goge gumi da hannun riga. "Na ga karayar da idona, ban musa ba. Amma ka duba, Yallaɓai, dattijo ne, ɗansa ya mutu. Na ce a rufa masa asiri. Shi direban ai garinsu ne. 'Yan'uwansa za su fito da shi ko ba daɗe ko ba jima."

"Su fito da shi daga tuhumar kisa?"

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Ka tsaya kana kallo aka fasa masa baki. Ka bari samari suka taru a titi, da an jefa dutse ɗaya da yanzu gawa nawa muke ƙirgawa a Fegge, namu da nasu? Wannan kake kira rufin asiri?" Sufeto ya ja numfashi. "Baffa, tirela nawa ka yi wa irin wannan aikin?"

"Duka ukun."

"Ina sauran biyun, Alhaji?"

"Ɗaya na Inugu a ajiye. Ɗaya ta ɗauki inji yau da safe, ta kama hanyar Fatakwal."

"Yau da safe. Bayan ka ga wannan."

"Mun yi addu'a kafin ta tashi."

"Ciro wayarka. Ka ce wa direban ya tsaya inda yake, kada kowa ya matsa kusa da ita. Yanzu, ina kallonka."

Alhaji ya kira.

Da ya gama, Sufeto ya buɗe ƙofa ya kira kofur. Ya gaya wa mutanen biyu abin da ake tuhumarsu da shi, Baffa sakacin da ya jawo asarar rai, dukansu biyu ɓoye shaida. Alhaji ya fara roƙo a bi ta ƙofar baya. Baffa Muntaka kuwa ya miƙo hannayensa biyu.

"Ba sai an sa maka ankwa ba, Baffa."

"Sa mini. Kuma ta gaba za mu fita. In ba su gan ni da ita ba, ba za su ƙyale bawan Allahn can ba."

Aka sa masa. Suka fito ta gaban tabarmi. Masu zaman makoki suka miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya tsaya a tsakiyarsu, ya ce, "Katakona ne ya karye. Direba ba shi da laifi." Bai ƙara ko kalma ba. Ba wanda ya tare hanya.

*

Ƙarfe biyar na yamma Difi'o ya sa hannu a takardar sakin Okwudili. Samarin tsallaken titi sun watse tun da labari ya iso, ba wanda ya shigo ya ce a ba shi haƙuri.

Aka fito da shi daidai lokacin da ake karɓar hula da carbin Baffa Muntaka a kanta. Okwudili ya dubi ankwar, ya dubi dattijon, ya dubi Sufeto. Sufeto ya gaya masa a taƙaice.

Bai yi zagi ba. Ya karɓi bel ɗinsa da wayarsa, ya tsaya riƙe da su kamar bai san amfaninsu ba.

"Oga, yaushe za a binne shi?"

"An binne shi jiya da azahar."

"Jiya." Ya zauna a kan benci. "Ba wanda ya gaya mini."

Ya dubi Sufeto.

"Irina zai iya zuwa wurin?"

"Zai iya. Ni zan raka ka."

"Ka san kabarin?"

Sababbin kaburbura uku Sufeto ya gani a jere jiya, kuma yana can sahun baya.

"Na ƙarshe ne, ta jikin katanga," in ji Baffa Muntaka daga bakin ƙofar sel. "Na kafa reshen dogonyaro a wajen kansa."

Okwudili bai waiwaya ba. Ya miƙe, ya ɗaura bel ɗinsa, ya bi Sufeto waje. Kofur ya kama dattijon a gwiwar hannu ya shigar da shi, ya ja ƙofa.